Igiyar Baya

"Baba, in ka miƙe jini ba ya kaiwa kanka, shi ya sa kake faɗuwa," in ji likita a asibitin Birnin Kudu. "A riƙa ɗaure maka ciki da cinyoyi."

Tsohon ya yi dariya. Shekara talatin ya yi yana ɗaure wa matuƙan jiragen yaƙi wandon da ke matse su don kada su suma a sama.

Da ya koma gida Maruta ya ciro wani tsohon wando irin wannan daga adaka, ya zura. Igiyoyinsa a baya suke, sai wani ya ja maka.

"Hajiya, zo ki ja min!"

Bara aka binne matar tasa. Ya daɗe a tsaye yana laluben igiyar ta baya.