Jan Layin Meziko da Buhunan Zoɓo

Tabawa, tunda kin ce dillali ya nuna miki waya wai farashin zoɓo ya faɗi, ajiye mayafin nan ki zauna in ba ki misali kafin ki sallama kayanki.

An yi wata mata a wani ƙauye can gabas da Gumel, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da gonar zoɓo. Shekarar da ta fita takaba ta tara buhu goma sha takwas, busasshe, ja wur, kuma shi ke nan abin da za su ci har wata kaka. Zoɓon yankin kuwa ba a nan ake shanye shi ba, jirgin ruwa ke kwasarsa zuwa ƙasar Meziko. Ranar kasuwa sai ga dillali ya zo rumfa da wayarsa, yana nuna wa mutane wani jan layi da ya gangaro kamar hanyar rafi. Ya ce wannan ma'aunin kasuwar hannun jari ne ta Meziko, inda ake haɗa farashin manyan kamfanoninsu wuri guda, ga shi ya faɗi, masu saye sun tsiyace, wanda bai sayar yau a rabin kuɗi ba gobe sai ya zuba wa awaki. Maza masu gemu, har da waɗanda suka yi boko, suka shiga turereniya wajen sikeli. Ita ko alif ba ta sani ba a takarda. Ta leƙa wayar, ta ce masa, "Malam, a cikin kamfanonin nan naka, wanne ne ke dafa zoɓo?" Ya lissafo na siminti, da na waya, da bankuna. Ta ce, "To, ai ba siminti na noma ba." Ta sa aka mayar mata da buhunanta kan amalanke, ana yi mata dariya, wai taurin kan mace ba ya ciyar da marayu.

Ba ta koma gida ta naɗe hannu ba. Washegari ta hau mota zuwa garin da manyan 'yan kasuwa ke da sito, ta zauna gindin wata darbejiya tana kallo tun hantsi har la'asar. Ta ga tireloli uku ana yi musu lodin zoɓo, 'yan dako ko sallar azahar sai da suka yi ta bi da bi. Ta tambayi matan da ke tsince datti daga zoɓo, suka ce an ƙara musu kuɗin wuni don a hanzarta. Ta taya buhun da babu komai a ciki, ta ji ya yi tsada, basilla da zare ma sun yi wuya. Ta ce a ranta, wanda zai daina saye ba ya neman buhu. Ta dawo ta jera kayanta a kan itace don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, ta rufe ɗakin. Mako bakwai suna cin tuwo da miyar kuka ba nama, ta sayar da tunkiyarta ɗaya, ɓera ya ɓata mata buhu guda, ba ta buɗe ƙofar nan ba. Ashe jirgi na jira a Legas, kaya ba su cika ba. Dillalin nan da ƙafarsa ya zo har ƙofar gidanta, yana "Hajiya, Hajiya", ita da ba ta taɓa zuwa ko filin jirgi ba. Ta faɗi kuɗinta sau ɗaya. Ya yi ta magiya a rage masa ko na mota, ta ce ko sisi, kuma a gabanta za a auna, buhu ɗaya bayan ɗaya. Haka aka yi, ya biya a tsaye.

Don haka ki ɗaura zanenki gobe da sassafe ki je bakin sito da kanki, ki ƙirga motoci, ki taya buhu, sannan ki dawo mu yi maganar farashi. Hausawa dai sun riga sun gama magana: gani ya kori ji.