Batiran da Baffa Ya Zare

Shekarar da aka fara Shari'a, yayana ya kawo mini gem ɗin hannu, wanda wani ɗan mutum ke tsallake ramuka a ciki. Ba ya ajiye inda ka tsaya. In aka kashe shi, sai ka koma farko.

Wata la'asar a zaurenmu na Kaura Namoda, bayan wata uku ina fama, na kai matakin ƙarshe. Sai rediyon Baffa, ƙanen mahaifina, ta ɗauke. Ya miƙo hannu.

"Kawo nan. Ana maganar addini a Gusau, kai kana tsallen banza."

"Baffa, saura rami ɗaya."

Da farce ya ɓalle murfin, ya zare batiran. Har yau ina jin ƙarar. Labaran ma bai saurara ba, barci ya yi.

Jiya ɗiyata ta kunna mini gem ɗin a sabuwar na'urarta. An yi masa kala, in ka faɗa rami ya maido ka bakinsa. Zama ɗaya na gama shi, lami, kamar miya ba gishiri. Wannan ba ramina ba ne. Nawa yana zaure, kuma ban yafe ba.