Shago Mai Lamba Ɗaya

Da mai yadi ta warware takardar ƙuri'arta ta ga lamba arba'in, sai ta saki salati. Hukumar gari za ta sabunta rukunin shagunansu, a sa gilashi da tayil, shi ne aka ce kowa ya ɗauki lambar sabon shagonsa. Arba'in ita ce ta can ƙurya, jikin katangar baya. Lamba ɗaya kuwa, ta bakin ƙofa, ta faɗa hannun mai turare, wadda suka shekara tara ba sa ga-maciji tun da garwashinta ya ƙona mata bandir ɗin leshi.

Mai yadi ta ce wallahi ba za ta saɓu ba. Ta tayar da jijiyar wuya gaban shugaban 'yan kasuwa: da cinikin nan take riƙe da marayun ƙaninta huɗu, wa zai bi ta ƙurya ya sayi atamfa? Aka kewaye ginin da kwanon rufi, motoci suna ta juye tsakuwa a filin baya, ita kuwa tana bin mutane gida-gida tana cewa an yi maguɗi. Har ta sa aka daina amsa gaisuwar mai turare.

Ranar zaman sulhu, mai turare ta zo ido jajir, ta ce ta gaji, a yi musaya.

"Amma a rubuta, Yaya, kowa ya sa hannu," in ji ta.

Mai yadi ta fizge biron, ta ƙara da nata sharaɗin: ba mai sake tayar da zancen har abada. Ta fito ranta fari ƙal.

Ranar buɗewa ta iso da kaya niƙi-niƙi, ta tarar da katanga sumul a inda ƙofa take. Maigadi ya ce ta zagaya. Filin baya ya zama wurin ajiye motoci, ga wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe jama'a na ta tururuwa, ga mai turare a lamba arba'in tana miƙa kaya hannu bibbiyu.

Mai yadi ta tambayi maigadi yaushe aka yanke shawarar mayar da ƙofar baya.

"Ai ta daɗe, Hajiya. Mijin mai turaren can ne ya ƙera ƙofar, tun kafin a yi ƙuri'a."