Akuyar da Aka Haƙa wa Rami

Gyara zama ka ji misalin wani direban babbar mota, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kwalta har idonsa ya fara gajiya, ya ajiye tuƙi ya dawo gida. Mutumin nan in inji ya yi tari daga nesa ya san abin da ke damunsa, amma bai taɓa kiwon ko kaza ba. Da zaman ya ishe shi, sai ya je kara ya sayo wata budurwar jar akuya mai sheƙin gashi, ya kafa mata turke a gindin dalbejiyar tsakar gida. Shi ke dama mata dusa da kanwa, shi ke yayyafa wa harawarta ruwa, har matarsa tana yi masa tsiya wai shayinsa na hucewa saboda akuya. Jikokinsa kuwa in sun zo, wajenta suke fara nufa kafin su gaishe shi.

Wata safiya akuyar nan ta tashi kamar an musanya ta. Ta ƙi dusa, ta ƙi harawa. Sai kewaya turke take yi, igiya na nannaɗe mata ƙafa, tana kaɗa bindi ba hutawa, tana wani irin kuka mai tsawo da ke tsallake katanga. Direba ya tuna a cikin watan nan aka kashe wani mahaukacin kare a unguwar. Ya dubi akuya, ya dubi 'yan takalman jikokinsa a bakin ƙofa, ya yanke shawara shi kaɗai: haukan kare ne ya kama ta, yanka ta zai yi ya binne, ko naman ba mai ci. Ya ɗauki diga ya zaga bayan gida ya haƙa rami, yana haƙa yana share ido da hannun riga. Har ya wasa wuƙa matarsa ta tsaya a gabansa ta ce, “Malam, ka ga tabon cizo a jikinta? Motar mutane ma ba ka taɓa sayar wa 'yan gwangwan ba sai bakanike ya gani. Kai ta asibitin dabbobi tukuna, ramin ba gudu zai yi ba.”

Haka ya ɗaure bakin akuya da tsumma, ya rungume ta cikin a-daidaita-sahu. Suna sauka a harabar asibitin ta fizge shi, ta ja shi kiii har gindin wata bishiya inda wani ya ɗaure ƙaton bunsuru mai gemu, wanda warinsa ya cika wurin. Can ta tsaya cak, kuka ya ɗauke, bindi na rawa. Likitar, wata matashiya mai fara'a, ta fito ta kwance tsumman, ta duba baki da ido, ta laluba fata ba ta ga cizo ba, ta ajiye ruwa akuya ta sha. Sai ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Baba, lafiyarta lau. Barbara take nema.”

Ta zaunar da shi a benci ta warware masa. Ta ce in ƙwai ya fara nuna a cikin macen dabba, ma'ajiyar ƙwan tana sakin wani sinadari cikin jini, sunansa isturojin. Jini ya kai shi har ƙwaƙwalwa, shi ne ke sauya mata hali: abinci ya fita ranta, ta kasa zama wuri ɗaya, ta riƙa ɗaga murya don namiji ya ji. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kuma akwai wani ɗan ƙulli da bai wuce ƙwayar wake ba, ana ce masa fituwitari. In isturojin ya taru ya kai maƙura, ƙullin nan sai ya saki nasa sinadarin da ƙarfi lokaci guda, ya gangara ya sa ƙwan ya fito. Kukan da ke fita waje da ƙwan da ke sauka ciki, abu ɗaya ne ya tayar da su, don kada ɗaya ya riga ɗaya. Ta ƙara da cewa lokacin gajere ne, kada ya tsaya jan ƙafa. Direba ya girgiza kai yana tasbihi, ya tashi ya nufi mai bunsuru da hannu biyu. Kafin azahar sun shirya, bunsuru ya barbari akuya, har mutumin ya ƙi karɓar komai sai goro.

Da ya dawo gida, matarsa ta tarbe shi da guɗa, shi kuma ya yi ta dariyar kansa har hula ta faɗi. Kwana biyu akuya ta koma kan dusarta kamar ba ita ba. Ciki ya fito, hantsa ta cika, watanni suka cika. Ran nan da hantsi ta sauke tagwaye, mace da namiji, jajaye kamar uwarsu, suna tangaɗi a kan siraran ƙafafu suna laluben nono. Direba ya durƙusa a cikin ƙasa da farar rigarsa yana kallonsu, bakinsa har kunne. Maƙwabta suka shigo barka, duk wanda ya zo sai ya ba shi labarin da bakinsa, bai ɓoye wuƙar da ya wasa ba.

To ka ji. Arziki ne ya zo masa har gida yana kiransa da babbar murya, shi kuwa ya ji kamar masifa ce. Gaskiyar Bahaushe da ya ce, rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.