Ku Ɗan Dakata a Kan Layi

Rhona Cargill ta jingina wayar da gwangwanin sukari, ta ƙure sautinta, sannan ta ɗauko cokali. Haka take yi kowace safiya: kunu a hannu, ofishin tallafin naƙasassu a kan layi.

"Barkanku da kira," in ji muryar da aka naɗa, lallausa kamar man shanu. "Ba za mu bar kowa a baya ba. Ku ɗan dakata a kan layi."

"Kin ji ta ko, Yaya? Buɗe baki."

Elspeth ta buɗe rabin bakin da ke motsi. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da ita a ƙarshen hunturu, magana ta ɗauke mata ɗif. Sai idanu. A makon farko furanni daga Edinburgh, babban birnin Scotland, suka cika ɗakin har babu wurin aje kofi. Furannin suka bushe, masu aiko su ko ƙeyarsu ba a gani ba.

Rhona ce ta ajiye aikinta a rumfar bandar kifi ta garin Arbroath, ta kwaso yayarta zuwa gidanta. Yayar da ta bar garin tun tana budurwa, ta goge lafazin bakin teku daga harshenta, wadda in ta zo hutu sai ta riƙa buɗe tagogi wai gidan na ƙarni. Yanzu hannun mai ƙarnin ne ke yi mata wanka. Elspeth na da abin hannunta, amma yana kulle a banki, don ba ta iya sa hannu, kotun da za ta ba Rhona izini kuwa ba ta kai ga zama ba.

Abin da Rhona ke nema bai taka kara ya karya ba: ɗan alawus ɗin da doka ta tanadar wa mai jinyar ɗan'uwa a gida. In ya fito, Elspeth ta zauna. In bai fito ba, Rhona ta koma bakin murhu kafin a ba wani gurbinta, Elspeth kuma sai gidan kula da gajiyayyu. Duk ranar da aka ambaci gidan nan, hannun Elspeth mai lafiya sai ya damƙe bargo.

Da can daga London ake biyan irin wannan kuɗi. Da aka miƙo wa Edinburgh aikin, har da biki aka yi, wai yanzu namu ne za su riƙa duba namu. To, ga namun. In an yi sa'a mutum ya ɗaga wayar, ya ce bayanan Rhona na can kudu a London ba a turo ba. A kira kudu, su rantse sun turo tuntuni. Da kuka ya yi yawa, kwamitin majalisa ya zauna, aka sha shayi, aka gyaɗa kai, aka ce za a ɗauki darasi. Wadda ya kamata ta amsa tambayoyi ma, cewa aka yi ba ta samu damar halarta ba. Aka tashi babu mai laifi ko ɗaya. Mutanen banza, ko kunya ba sa ji.

Maƙwabciyarsu ta taɓa leƙowa ta tarar da Elspeth ta runtse ido, muryar na ta maimaita alkawarinta.

"Haba Rhona, kashe abin nan mana. Ba ki ga yana damunta ba?"

"Na gani," in ji Rhona, ta ƙara matso da wayar.

Mai rumfar kifi ya yi haƙuri har ya gaji, ya aiko cewa ko dai Rhona ta dawo ranar Litinin, ko ya ɗauki wata. Rhona ta haɗa akwati. Rigunan barci ta zuba, da safa. Kwat-kwat masu tsada da ke jere a kabad ta bar su inda suke, don babu inda za a sa su. Ta yi kuka a banɗaki, ta wanke fuska. Haushin yayarta take ji, kuma ba ta son a tafi da ita.

Da motar gidan gajiyayyu ta tsaya a ƙofa, wayar na kan tebur tana aikinta. Rhona ta ce wa kanta ko da a minti na ƙarshe ne wani zai ɗaga. Direban, wani ƙato mai jan gemu da ake kira Lachie, ya shigo yana karkaɗe ruwan sama daga hularsa, ya durƙusa yana ɗaure wa Elspeth ɗamarar keken guragu.

"Ba za mu bar kowa a baya ba," in ji muryar.

Lachie ya ja tsaki. "Ke ma wannan shegiyar kike fama da ita? Ɗana ba ya iya tafiya, 'yar'uwa. Tun bara uwarsa ke sauraron ƙaryar nan, har a mafarki take jin ta. An ce shugabar ofishin ce da kanta ta naɗa, tsabar son a sani. Wallahi da zan gan ta ido da ido, tambaya ɗaya ce da ni."

Elspeth ta juya fuskarta bango. Hawaye na bin gefen da ba ya motsi.

Rhona ta kashe wayar, ta gyara wa yayarta bargo a kan gwiwa, ta miƙa wa Lachie akwatin.

"Yi mata tambayar a hanya," ta ce. "Ita ce ka gama ɗaurewa."