Mai Furar Kasuwar Jiya

A layin dubiya na asibitin barci, inda yanzu ake sa majinyata barcin watanni har su warke, gardama ta kaure tsakanin Zinatu da ƙaninta Mansir, da suka zo duba Innarsu, kan sabon wasan bidiyon nan, Kasuwar Jiya.

"Yaya, tiriliyan biyu aka ce sun kashe," in ji Mansir. "Shi ya sa mutanen ciki suke kamar na gaske."

"Wa ya gani? Ni a gidan suna na ji cewa ko sisi ba su kashe kan mutanen ba. Wai aron masu barcin nan suke yi."

"Kai, zancen gidan suna! Ungo, gani da idonki."

Ya miƙa mata tabarau ɗin wasan, ta saka. Sai ga ta tsakiyar kasuwa irin ta dā, 'yan tireda na ta kwaɗa mata kira, "Zinatu, zo ki taya!" Mai fura kaɗai ta dube ta, ta kawar da kai, ta ce, "Ke 'yar nan, kin karya kuwa?"

Zinatu ce 'yar fari. Shekara arba'in Inna ba ta taɓa kama sunanta ba.

Ta fizge tabarau ɗin. "Kai me take ce maka?"

"Mansir mana. Har nono take ƙara min..."

Layi ya kawo kansu. Bayan gilashi Inna na kwance, ido rufe, hannunta na dama yana juyawa a hankali bisa zanen gado, tana damu.