Haƙorin da Inna ta jefa kan soro

Ku matso, jikokina, ku bar tsalle-tsallen nan. Wata la'asar ina tallan gyaɗa a bakin iyakar Jibiya, sai wani rago ya tsinke igiya ya banke ni. Na ruga gida da haƙorin gaba a tafin hannuna, har da saiwarsa, bakina cike da jini.

Inna ta karɓa ta wurga shi kan soro. "Yi shiru, ɗiyata, wani zai tsiro."

Ashe na riga na gama famfara. Yanzu likitoci ke cewa a tsoma irin wannan haƙori cikin madara, a garzaya asibiti, ana iya mayar da shi.

Ragon an yanka shi da Sallah. Inna har ta rasu tana leƙa bakina. Ni kuwa har yau harshena bai daina zuwa wurin yana dubawa ba.